Kakar tuffa ta wuce a Balaguer, ɗaki ya ishe ni

Wani ƙanenmu ne ya turo saƙo daga Balaguer, wani ɗan gari a Kataloniya ta ƙasar Sifen kusa da Lleida. Yace tsinkar tuffa da fiya ta ƙare tun Oktoba, takardar zama bata fito ba, kullum yana ɗaki su biyar daga kwanciya sai waya, Hajiya kuma in ta kira sai yace mata komai lafiya lau. Wai ina zai je ya sha iska ba tare da kashe kuɗi ba, kuma yana tsoron 'yan sanda.

Toh ƙanena sannu da haƙuri, amma kafin maganar yawo, kayi padron kuwa? Wato rajistar da ake yi a ofishin magajin gari cewa a wannan gidan kake zaune, ko baka da takardar zama kana da haƙƙin yinta, da ita ake samun katin asibiti kuma ita ce shaidarka ranar da zaka nemi arraigo, wato izinin zama da ake ba wanda ya daɗe a ƙasar, wanda tun Mayun 2025 aka rage shekarun zaman da ake buƙata daga 3 zuwa 2. In baka yi ba gobe da safe can zaka fara. Ka kuma tambaye su ajin koyon Katalanci, yana taimakawa a rahoton da hukuma ke rubuta maka na neman arraigo.

Yanzu yawo. Wallahi garin da kake ciki ba ƙaramin gari bane a tarihi, Musulman Andalus ne suka kafa shi, Madina Balaguer ake ce masa. Ka sauka bakin kogin Segre wanda ya raba garin biyu, akwai hanyar ƙafa da ciyawa da bencina, tsofaffi na ta zagaye da karnukansu, ka riƙa ce musu bon dia, wato ina kwana, ko basu amsa ba ranar farko, ta uku zasu amsa. In ka tsaya kan gada ka ɗaga kai zaka ga cocin Santa Maria zaune a kan tudu da ganuwa ta biyo bayanta, ana hawa ganuwar, daga sama kuwa gonakin da ka sha wahala a cikinsu ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya.

Wurin da nafi so ka je shi ne tudun da ke gaba, inda kangon tsohon sansanin tsaro na Castell Formós yake. A shekarar 897 wani shugaba Musulmi, Lubb ibn Muhammad na gidan Banu Qasi ya fara gina shi, daga baya ya zama fada, har sarakunan Kirista na yankin Urgell suka ci garin a 1105. Bayansa akwai wani fili fetal, Pla d'Almatà, kallo ɗaya zaka ce fako ne kawai amma ƙarƙashinsa tsohon birni ne da tituna da gidaje da wurin gasa tukwane, an tono wani sashe. Mutanen da suka yi alwala suka fuskanci alƙibla a nan shekara dubu da suka wuce, kaga ai ba kai ne farkon mai sallah a garin ba. Abubuwan da aka tono suna gidan tarihi na Museu de la Noguera, ka tambayi kuɗin shiga.

Ran Asabar kasuwa ke ci a Plaça Mercadal, babban dandali mai rumfunan dutse kewaye, nan zaka haɗu da 'yan Senigal da Gambiya da Mali da Maroko, kuma labarin aikin yankan reshe na lokacin sanyi daga bakinsu yake fitowa, ba daga Facebook ba. Af, har zinariya ana wankewa a yashin Segre, akwai gidan da ake nuna yadda ake yi, amma kar ka ɗauko tasa da shebur kace ka samu Zamfara, ƙura-ƙura ce.

Maganar 'yan sanda, suna iya tambayarka shaida, ba zan ce maka a'a ba, ka riƙe kwafin fasfo da na padron a aljihu, ka fita da rana, ka guji inda ake hayaniya. Hazon yankin nan a Disamba sai ya wuni bai ɗaga ba, ka sa rigar sanyi mai kauri.

Ita kuma Hajiya dan Allah ka daina ce mata lafiya lau kawai, ka faɗa mata aiki ya tsaya sai kaka ta zagayo. Ka kira ta da bidiyo daga kan ganuwar nan ka juya mata waya taga kogin.