An canja mini boris, amma hob ɗin yana hayaƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni direban tirela ne, ina ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Ibadan. Kwanan nan aka canja mini boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, na tayar bodi ta baya. Ban kai Mokwa ba sai ga hob ɗin, cibiyar tayar da boris ke ciki, yana hayaƙi. Yarona ya kwara masa ruwa, muka lallaɓa har cikin gari. Boris ɗin ne jabu, ko giris ne ya yi kaɗan? Daga wani direba a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, maganar ruwan nan ta fi tayar mini da hankali a kan boris ɗin. Tayar tirela tana ɗauke da iska wajen 120 a ma'aunin mai faci. Zafin hob yana bin wili ya shiga taya, iskar ta ƙaru, kuma tana iya fashewa ko bayan hayaƙin ya lafa. Yaron nan ya tsuguna ne a bakin bindiga. Gobe in haka ta faru, ka gangara gefe, ka sa alama, kowa ya ja baya har ƙarfen ya huce da kansa. Ruwan sanyi a kan jan ƙarfe yana iya tsaga dirom ɗin birki.

Jabun boris akwai shi a kasuwa, ban musa ba. Amma a shekarun da na yi ina kwance hob, abin da na fi gani shi ne kuskuren ɗaurin notin da ke riƙe boris. Makanike ya ɗauki kurfi da guduma ya yi ta bugu har notin ya ƙi motsi, ya ce aiki ya yi. Boris ɗin babbar mota guda biyu ne, na ciki da na waje, kuma suna buƙatar ɗan sarari da bai kai kaurin takarda biyu ba. In an matse su, giris ba ya samun wurin zama, ƙarfe ya ci ƙarfe. In an bar su sakwa-sakwa, taya ta riƙa rawa ta cinye sil, robar da ke tare mai, mai ya zubo a kan birki. Na taɓa kwance wani da ya sha irin wannan ɗauri: bakin aksil ɗin, sandar da hob ke zaune a kanta, ya koma shuɗi, zoben boris ya manne masa kamar an yi walda, giris ya zama gawayi yana murmushewa a hannuna.

A aksil irin na Amurka rubutacciyar ƙa'idar ɗaurin boris da ake bi, mai lamba RP 618, a fili take. A ɗaure notin ciki da sifana mai awo zuwa 200 a ma'aunin fam-ƙafa (ft-lb) ana juya taya, a sassauta zagaye ɗaya cif, a sake ɗaurewa zuwa 50, sannan a ɗan dawo da shi gwargwadon irin zaren notin, a sa wosha da notin kulle. Daga nan a ɗora agogon awo, wasan hob ɗin, wato ɗan motsinsa ciki da waje, ya tsaya tsakanin milimita 0.025 da 0.127. Yatsa ba ya jin wannan, komai ƙwarewa. Aksil na Turai irin na kamfanonin BPW da SAF kowanne da lissafinsa, wasu ma hob ɗinsu a rufe yake daga kamfani, ba a gyara shi sai dai a canja.

In ka koma gareji ka tsaya a kan aikin. Mota a ƙasa mai faɗi da tauri, waigi gaba da baya, kuma kada kowa ya sa hannu a ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. A tokare aksil da ƙarfe ko gungume mai ƙwari. Taya ɗaya da wilinta tana iya haura kilo 100, ba abin da yaro ɗaya zai tara ba ne. Kada a kusanto da wutar walda ga wili alhali taya na jikinsa, ko da an sace iskar.

A duba birki ma, domin wanda ya maƙale yana kawo irin wannan zafi. A canja boris tare da zobensa, da sabon sil. A wanke hob tas, kada a gauraya giris iri biyu, a cusa giris cikin boris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Bakin aksil da ya canja launi kuwa a auna shi sosai kafin a mayar da komai.

Bayan an gama, notocin taya suna son a sake ɗaure su tsakanin kilomita 80 da 160. In daga Dawanau ka taso da kaya, ka tsaya kafin ka wuce Zariya, ka bi su da sifana, ka kara bayan hannunka kusa da kowane hob. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi, kada ka tashi sai an buɗe shi.