Dankali mai ɗaci, albasa mai ruɓa: amsoshin tambayoyin manoma

Wani manomi daga Maiwurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, ya ce: "Malam, bana da na haƙa dankalina, wanda ake ce wa bambai a kasuwa, rabi duk huji, cikinsa baƙi, ga ɗaci. Ko ƙasar ce ta gaji?"

Ƙasarka ba ta gaji ba, ɗan'uwa, ƙwaro ne. Ɗan siriri ne mai kama da tururuwa, kuma ba gwanin tono ba ne, ƙofa yake nema. Baƙar lakar nan tamu kuwa, da ta bushe sai ta tsage har ka zura hannu. Ta nan yake bi ya yi ƙwai a jikin dankalin, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta yi ta ci daga ciki. Ɗacin da ka ji, dankalin ne ke fitar da shi saboda raunin, ko awaki ba sa marmarinsa.

Maganin yana hannun fartanyarka. Yi kunya mai tudu, ka riƙa jawo ƙasa kana toshe tsaga da zarar dankali ya fara zuba. Kada ban ruwa ya yi nisa har ƙasa ta buɗe baki. Wajen dashe, yanko kan yaɗo mai tsawon santimita 30, ka bar tsohon gindi, can ƙwan yake. Ya nuna a wata 4 ko 5, ka haƙe. Masu barinsa a ƙasa suna jiran kasuwa ta tashi, ƙwaro suke yi wa ajiya. Kwashe ragowar ka ƙona, baɗi kuma ka sa dawa a wurin.

Daga Kasala an tambayi dalilin ruɓewar albasa a ajiya. Yawanci ruwan ƙarshe ne da yuriyar da aka zuba a makare. Idan wuyanta ya fara kwantawa, tsayar da ruwa kamar mako 2 kafin cira. Shanya ta a inuwa mai iska har wuyan ya bushe ƙayau, mai kaurin wuya kuma a fara kai ta kasuwa.

Hajiyar da karas ɗinta ya fito da ƙafa biyu-biyu: ɗanyen kashin shanu ne ko ƙasa mai tauri. Sa takin da ya ruɓe, ki nemi wuri mai rairayi, ki shuka da shigowar sanyi, wajen Nuwamba.