Na sa hannu ba zan yi sana'ata ba har shekara uku: ko alkawarin ya hau kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ina aiki a wani kamfanin haɗa sola a Kano. Ranar da aka ɗauke ni na sa hannu a wata takarda, ashe a ciki akwai sharaɗin cewa idan na bar su ba zan yi irin aikin da kowa ba a duk faɗin Najeriya har shekara uku. Gaskiya ban tsaya karantawa ba, ido rufe nake neman aiki. Yanzu na ajiye, wani kamfani a Kaduna ya kira ni, sai ga tsohon ogana ya turo mini hoton takardar ta WhatsApp. Ina da mata da 'ya'ya uku, ba ni da wata sana'a. Idan na karɓa na ci amana? Albashin halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, bari mu fara da abin da ba za ka so ji ba: rashin karantawa ba uzuri ba ne, kuma matsin neman aiki ba shi ne tilas ɗin da shari'a take ɗauke wa mutum alkawari saboda shi ba. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura. A hadisin Abu Dawud da Tirmizi, Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Bukhari ya kawo maganar Alƙali Shuraihu cewa wanda ya gindaya wa kansa sharaɗi da ganin damarsa, ba a tilasta shi ba, to ya hau kansa.

Sai dai takardar nan abu biyu ta ƙunsa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai sirrin kamfani. Lambobin kwastomomin da suka taru a wayarka domin kana sanye da rigarsu, farashin da suke sayo batir da inbata daga dilansu, kwangilar da ka san suna nema da kuɗin da suka yanka mata. Wannan amana ce ko babu takarda, kuma ba ta ƙarewa da ƙarewar shekara uku. Ka sani, wani lokaci ba mutum ake so ba, wayarsa ake so. Idan sabon wurin suka fara tambayarka nawa wancan yake sayarwa, ka kama bakinka.

Amma iya hawa rufi, da lissafin yawan faifan sola da gida yake buƙata, da gane inda wayar lantarki ta ci wuta, wannan naka ne. Albashin da suka biya ka bai saye hannunka ba. Hana magidanci sana'arsa tilo a ƙasa guda har shekara uku, ba tare da an biya shi ko sisi na zaman ba, cutarwa ce, kuma Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Malamanmu na Malikiyya dama ba sa sakin jiki da sharaɗin da yake ƙuntata wa mutum a abin da yake haƙƙinsa. Abin da nake gani shi ne sharaɗin yana aiki gwargwadon abin da yake kare musu na gaskiya: ɗan lokaci, a yankin da suke kasuwa, kan kwastomominsu. Abin da ya haura wannan bai lizimce ka ba. Ko dokar gasar kasuwanci ta Najeriya ta 2018 shekara biyu ta iyakance irin wannan sharaɗi, haka ma dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda ta ƙara da cewa sai an fayyace wuri da irin aikin.

To amma kada ka zama mai ƙara kuma alƙali. Ka ɗauki dattijon da ogan yake jin nauyinsa, ku je ku same shi. Ka faɗa masa inda za ka, kada ya ji a bakin wasu. Ka yi masa tayin ba za ka taɓa kwastomominsu ba, ba za ka karɓi aiki a Kano ba na wani lokaci da za ku yanke, shi kuma ya sake ka a rubuce. Sabon kamfanin ma ka nuna musu takardar tun kafin ka fara. Idan ya ƙi, ka kai wa lauya ya duba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take sauraron irin wannan.

Idan takardar ta ambaci tarar da za ka biya idan ka saɓa sharaɗin, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta irin wannan sharaɗi a zamanta na Riyad a 2000, amma a kan asarar da ta auku da gaske, kuma alƙali yana iya rage ta idan an yi zari.

Albashinka na Kaduna halal ne, domin ladan aikin halal ne da ka yi da guminka. Kuɗin da zai gurɓata shi ne wanda ka samu ta hanyar janye musu kwastoma da lambar da suka damƙa maka. Wallahu a'alam.