Riƙon Doki a Akra: Abin da Yake Ci a Wata, da Inda Ake Iya Ragewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Nima, ina sayar da kayan gyaran mota. Na tara kuɗin sayen doki saboda hawan Sallah, har na ga wani kili da ya kwanta min a rai. Kafin in biya, nawa zan riƙa kashewa a kansa kowane wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi dabara da ka tambaya kafin ka biya, domin kuɗin saye sau ɗaya ake fitar da shi, ciyarwa kuwa kullum ce, kuma doki kan kai shekara 25 ko fiye a duniya. Farashi a sidi, kuɗin Ghana, yana sauyawa tsakanin Sallah da Sallah, saboda haka ka yi lissafinka da kilo da lita, sannan ka ninka da farashin da ka tarar a kasuwa.

Fara da nauyin dokin. Ɗauki tef ɗin tela ka zagaya ƙirjinsa daidai inda majayi ke zama, sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawo, ka raba da 11,900. Idan ƙirji 165 ne, tsawo 150, dokin yana wajen kilo 343. Yawancin dawakin da ake kawowa daga arewa tsakanin kilo 300 da 400 suke.

Doki yana cin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a busasshen abinci kowace rana. Mai kilo 350 ke nan kilo 7 yake buƙata. Irin naka, da aikinsa bai wuce motsa jiki da hawan Sallah ba, kilo 6 daga ciki ya zama ciyawa busasshiya da harawa, kilo 1 zuwa 1 da rabi ya zama hatsi da dusa. A wata, ciyawa da harawa kilo 180 ke nan, ka ƙara 20 saboda wadda zai tattake ya yi wa fitsari, ya zama 200. Hatsi da dusa kilo 30 zuwa 45. Gishiri giram 30 a rana, wajen kilo 1 a wata.

A nan ne masu sabon doki ke ruɗuwa: ɗanyar ciyawa kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne. Idan da ɗanya za ka ciyar, kilo 6 na busasshiya daidai yake da kilo 24 zuwa 30 na ɗanya. Damin da yaro ya ɗauko a ka, kana ganinsa tuli guda, sau da yawa bai kai rabin haka ba. Sayi sikelin ratayawa irin na masu sayar da kifi, ka auna dami ɗaya da buhu ɗaya, ka auna olonka (mudun gwangwani na kasuwa) ɗaya na dusa da ɗaya na dawa. Za ka tarar olonkan dusa bai kai rabin nauyin na dawa ba.

Ruwa: lita 30 zuwa 40 na sha a rana, ya fi haka a zafin Fabrairu da Maris. Haɗe da wanka da wanke barga, ka sa galan biyu a rana, irin manyan nan masu launin ruwan ɗorawa da muke ce wa galan ɗin Kufuor, wato galan 60 a wata. A unguwar da famfo ke ɗaukewa, wannan kuɗi ne na sosai.

Sai wurin zama. Doki na buƙatar ɗaki mai faɗin mita 3 da rabi kowane gefe, da iska, da ƙasa mai tsanewa, da filin da zai taka ƙafa kullum. A lungunan Nima samun wannan da wuya, kuma ɗaure shi a turke bakin kwata ba riƙo ba ne. Idan haya za ka kama a bayan gari, ka tuna masu gidaje a Akra kuɗin shekara ɗaya ko biyu suke nema a dunƙule, ka raba shi wata-wata ka sa a lissafi. Ƙara albashin yaron barga, da garin katako na shimfiɗa daga wajen masu yankan katako, da ladan aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, mai kawo ciyawa ya kwashe kashi.

Akwai kuma abubuwan da ba kowane wata suke zuwa ba, su ne ke shammatar mutum. Gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8, wato sau 7 ko 8 a shekara. Maganin tsutsar ciki. Allurar tetanas, wadda ake fara ta da guda biyu, mako 4 zuwa 6 tsakaninsu, sannan a riƙa sabuntawa. Duba haƙora sau ɗaya a shekara. Gyaran sirdi, linzami da ragama. Tara kuɗinsu na shekara, ka raba 12, ka ɗora a kan na wata.

Idan ka sami jimilla, kada ka sayi dokin tukuna. Ka yi wata uku kana cire wannan kuɗi daga cinikinka kana ajiyewa kamar dokin na barga. Idan cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba su girgiza ba, ka saya, ga kuɗin ko-ta-kwana ka riga ka tara. Idan a wata na biyu ka taɓa kuɗin, ka sami amsarka ba tare da ka wahalar da dabba ba.

Tambaya: Ina da ingarma a unguwar Madina ta Akra. Kuɗin abincinsa ya fi ƙarfina yanzu. Na rage ciyawa na ƙara dusar alkama saboda ta fi sauƙin samu, kuma wani ya ce zai riƙa ba ni ragowar abincin kaji da tsohuwar masara a farashi mai rahusa. In karɓa?

Amsa: Malam, kada ka karɓa, ko kyauta ce. Abincin kaji da na shanu wani lokaci ana sa musu sinadarin monensin ko danginsa don maganin cutar hanji da ƙara ƙiba. Kaza na ci ta zauna lafiya, doki kuwa ɗan kaɗan ya isa ya lalata masa zuciya ya kashe shi, kuma da ido ba ka gane buhun da ke ɗauke da shi. Masarar da ta yi fumfuna tana da gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki: sai ka ga yana tangaɗi, yana kewaya wuri ɗaya, yana dafa kai a bango, kuma da wuya wanda ya kai nan ya tashi. Araha ba ta ado.

Ragin da ka yi ma a baibai yake. Cikin doki ƙarami ne, an halicce shi ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, kuma ba ya iya amai. Idan aka rage ciyawa aka cika shi da hatsi, abin da ke biyo baya ciwon ciki ne, ko zafin kofato da ke sa shi tsayuwa yana jan jiki baya don ya sauke nauyi daga ƙafafun gaba. Dusar alkama kuma, wadda ake samu cikin sauƙi saboda masana'antun fulawa na Tema da Takoradi, sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam ya yi kaɗan. Dokin da aka daɗe ana cika shi da ita sai jikinsa ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su kumbura, ya kama ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Kada ta wuce rabin kilo zuwa kilo 1 a rana, a jiƙa ta da ruwa, kuma a haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, domin su suna da kalsiyam.

Inda ake samun sauƙi na gaskiya shi ne lokacin saye. Harawa daga arewa take zuwa, wajajen Tamale, Bawku da Bolgatanga, kuma tana araha ne bayan girbi, daga Oktoba zuwa Disamba. Wanda ya jira Maris yana saye dami-dami shi ke biyan ninki. Ku haɗu ku uku ko huɗu masu dawaki ko masu kiwon raguna, ku yi magana da direbobin da ke sauke dabbobi a kasuwar Tulaku ta Ashaiman, ku raba kuɗin mota. Ciyawar gida kuma a yanke ta ƙarshen ƙaramar damina, wajen Nuwamba, a shanya ta kwana uku zuwa huɗu ana juyawa har sai ta yi ƙaras-ƙaras a hannu.

Ajiya ita ce rabin aikin, don danshin iskar teku ba ya raga wa komai. Ɗora kaya a kan katako, taƙi ɗaya daga ƙasa, kada su jingina da bango, rufi kuma kada ya yi yoyo. Kafin ka zuba, tura hannu cikin tsakiyar damin: idan ka ji ɗumi, ko warin rima, ko farar ƙura ta tashi, zubar da shi. Hatsi da dusa kada ka tara fiye da na mako 4 zuwa 6, a cikin durom mai murfi saboda ɓera.

Sannan ka toshe asara. Ciyawar da aka watsa a ƙasa, wani kaso nata tattakewa ake yi, kuma idan ƙasar yashi ce dokin na haɗiye yashin yana taruwa a hanji. Rabin durom da aka goge bakinsa ya isa kwami. Idan kana ganin ƙwayar dawa cikakkiya a kashinsa, ko yana zubar da dunƙulen ciyawa daga baki, haƙora ne suka yi kaifi, kana biyan kuɗin abincin da ba ya shiga jikinsa. Ciyawar bakin titi kuma a yi hattara: ana fesa mata maganin kashe ciyawa, ga leda a cikinta. Duk sauyin abinci a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 14. Kashin ma kada ka biya a zubar, masu lambun Dzorwulu da masu sayar da furanni a bakin hanya suna neman taki.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar wa ɗanmu doki a Sabon Zongo, ni nake riƙe da kuɗin. Abinci muna iyawa, amma ranar da ya kwanta ciwo sai da na ci bashi. Yaya zan yi tanadi?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ki raba kuɗin dokin gida uku. Na farko na ci da sha na wata. Na biyu na abubuwan shekara, irin su kofato da allura. Na uku na ciwo, ki tara shi har ya kai kuɗin riƙon wata uku, kuma ya zauna inda hannu zai kai gare shi da tsakar dare, misali a wani layin MoMo (asusun kuɗi na waya) daban wanda ba a cefane da shi. Susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum a hannun mai zagayawa yana karɓa, na taimaka wa mai ciniki kullum, amma ki tuna mai karɓa yana ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata ladansa, kuma ba lallai ki same shi a daren da ciki ya murɗe wa doki ba. Idan kina adashi, ki roƙi kwasarki ta faɗo Oktoba ko Nuwamba, ki zuba ta a harawa. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100. Wanda ya ajiye takardar kuɗi a shekarar ya ga ta narke, wanda ya ajiye abincin dabba ya tsira da nasa.

Ciwon da aka tare da wuri ya fi sauƙin kuɗi. Ki koya wa yaron alamun ciwon ciki: tonon ƙasa da ƙafar gaba, waiwayen ciki, kwanciya da tashi, birgima, gumi, ƙin ci, rashin kashi. Da ya gani ya ɗauke abinci, a kira likita nan take. Lambar likitan dabbobi ta kasance a wayarku tun yau. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a unguwar La ta Akra, ki tambaya a haɗa ki da wanda ya saba da dawaki.

Kada a sayi magani a kasuwa a yi ta kai. Amitraz, maganin kaskar da ake wanke shanu da karnuka da shi, guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji. Maganin sammore na shanu ma yana iya illata shi idan ba likita ne ya auna ba. Ga cutar nan ta dawakin Afirka da ke kumbura kai ta cika huhu da ruwa, ƙananan ƙwari masu cizo daga magariba zuwa wayewar gari ne ke yaɗa ta, kuma ta fi yawa da damina. A shigar da doki ɗaki kafin faɗuwar rana, a sa raga mai ƙananan ido a taga, a tambayi likita batun rigakafinta. Idan za a kai shi hawa wajajen Kumasi ko wani wuri mai kurmi, a tuna da ƙudan tsando, wanda tun zamanin fataken Salaga yake hana dawaki daɗewa a ƙasar Asante.

Tambaya: Idan na riƙa kai dokina bakin tekun Labadi ana hawa ana biya, zai ciyar da kansa?

Amsa: Ɗan'uwa, zai rage maka wani abu, amma kada ka gina lissafinka a kai. Cinikin na ƙarshen mako ne da ranakun hutu da Disamba, da damina kuwa sai a hankali. Dokin da ke aiki a yashi cikin rana yana buƙatar ƙarin hatsi, ƙarin ruwa da gishiri, ga ladan mai jan sa, ga kuma gyambon baya idan sirdin bai zauna daidai ba, wanda kan zaunar da shi makonni ba aiki. Ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya ƙaru a kashewa na wata uku, ka cire wannan daga wancan. Idan kuma hawan Sallah kaɗai ne burinka, aron doki sau biyu a shekara, ko haɗa gwiwa da wani ku riƙe ɗaya, ya fi sauƙi nesa. In za ku haɗa, ku rubuta a gaban shaidu wanda ke biyan likita, wanda ke hawa ranar Sallah, da yadda za a raba idan an sayar ko ya mutu.