C.K. Gyamfi: daga ƙwallo ba takalmi zuwa kofin Afirka uku

Tambaya: Malam, kakana yakan ce akwai wani ɗan Gana da ya buga ƙwallo a Ingila ƙafarsa ba takalmi, daga baya ya zama kocin ƙasarsa ya ci kofin Afirka har sau uku. Gaskiya ne, ko dai hirar tsofaffi ce?

Amsa: Kakanka ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Mutumin shi ne Charles Kumi Gyamfi, wanda aka haifa a Accra a 1929. Yana cikin 'yan wasan Gold Coast, sunan Gana kafin 'yancin kai, da suka je rangadi Birtaniya a 1951 suna taka leda ba takalmi. A gida ya yi wa Asante Kotoko da Hearts of Oak wasa, sannan a 1960 ya tafi Fortuna Düsseldorf ta Jamus, ya buga wasa, ya kuma koyo aikin horarwa.

Ya dawo a daidai lokacin da shugaban Gana, Kwame Nkrumah, ya ɗauki ƙwallo a matsayin hanyar ɗaga martabar baƙar fata. Da farko mataimaki ne ga wani Bature ɗan Hangari, József Ember, kafin a damƙa masa Black Stars, wato tawagar ƙasar Gana. A 1963 suka lallasa Sudan 3-0 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Accra. A 1965 ya kwashi matasa irin su Osei Kofi zuwa Tunisiya, suka doke masu masaukin baƙi 3-2 bayan ƙarin lokaci.

Akwai masu cewa kuɗin gwamnatin Nkrumah ne ya ci waɗannan kofuna. Ni dai wannan magana tana ɓata mini rai, domin 1982 ta ishe mu hujja. A lokacin Nkrumah ya kusa shekara goma da rasuwa, tattalin arzikin Gana ya durƙushe, sojoji ke mulki. Aka sake kiran Gyamfi, ya tafi Libiya da tawagar da har da wani yaro ɗan shekara 17, Abedi Pele, suka yi 1-1 da Libiya a Tarabulus, suka ɗauke kofin a bugun fenareti 7-6. Tun daga ranar Gana ba ta sake ɗaga shi ba.

Sai a 2010 kocin Masar, Hassan Shehata, ya kamo shi a yawan kofunan. Gyamfi ya rasu a 2015.