Mahaifina Ya Yi Watsi Da Mu, Zan Iya Ɗibar Kuɗinsa A Ɓoye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 16, ina aji biyar na sakandare a garin Bauchi. Tun da Baba ya saki mahaifiyarmu ya daina aiko da abinci da kuɗin makaranta, alhali yana da shago a kasuwar Muda Lawal. Ya halatta in ɗebi kuɗinsa ba da saninsa ba? In na daina zuwa gaishe shi ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ci da shanki da suturarki wajibi ne a kan mahaifinki gwargwadon samunsa, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara da aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ suka nuna. A mazhabar Malikiyya wannan nauyi ba ya sauka daga kan uba sai 'ya mace ta yi aure mijinta ya tare da ita. Ɗa namiji kuwa, da zarar ya balaga da lafiyarsa, wajibcin ya faɗi. Sakin mahaifiyarku bai rage masa komai daga ciki ba.

Ɗibar kuɗi a ɓoye kuwa, ban ba ki wannan fatawa ba. Gaskiya ne Annabi (SAW) ya ce wa Hindu bint Utba ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta Abu Sufyan bisa ma'aruf, wato gwargwadon bukata kamar yadda aka saba, amma ita matar gida ce da ke riƙe da cefane. Ke ranar da aka kama hannunki a aljihunsa, sunan ɓarauniya za ki samu, shi kuma ya samu hujjar da zai fake da ita.

Ki rubuta abin da kike bukata a wata: hatsi, sabulu, kuɗin mota, kuɗin zango. Ki kai wa baffanki ko kakanki na wajen uba, domin uba ya fi jin kunyar danginsa fiye da dangin tsohuwar matarsa. In bai ji ba, a je ga limami ko mai unguwa. Daga nan sai mahaifiyarki ta kai ƙara kotun shari'ar Musulunci a yanka masa adadi na wata-wata.

Kada a ja lokaci. A fiƙihun Malikiyya, ciyarwar 'ya'ya ta watannin da suka shuɗe tana faɗuwa, sai in alƙali ya riga ya yanka ta, ko wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi. Don haka in kawunki ne ke biyan kuɗin makaranta, ya kafa shaidu kan cewa bashi ne, ya kuma adana rasit. Nan ne mutane da yawa ke asara.

Gaisuwa ba ta faɗi ba. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta yi umarni da kyautata zama da iyaye ko da suna kiran ɗansu zuwa shirka, balle uban da ya gaza. Ko ta waya ce ranar Juma'a ta wadatar, musamman in zuwa gidan yana jawo zagi ko duka. Kuma kada yunwa ta kai ki karɓar kuɗin samari ko tallan dare. Ki gaya wa mahaifiyarki ko malamarki ta Islamiyya tun da wuri.

Wallahu a'alam.