Idan mota ta mutu a hamadar Tenere ta Nijar, a taka ko a zauna?

Tambaya: Baba direba, wata mai kamawa zan bi Hilux daga Agadas zuwa Dirku. Tun da na biya kuɗin mota barci ya ƙaurace min. A tasha ana cewa in mota ta mutu, namiji jarka yake ɗauka ya bi sawu ya nemo taimako. Haka ne?

Amsa: Ɗana, tsoron nan naka ya fi jarumtar 'yan tasha amfani. Sifiya biyu, shebur, tampol, wayar Thuraya (mai aiki da tauraron ɗan'adam) mai caji, duk ka tabbatar da idonka suna cikin motar kafin ka hau. Ku bi ayarin da sojoji ke rakawa. Ruwanka na kwana uku daban, bayan na tafiya. A gida a san ranar tashinka da ranar da ya kamata ka kira.

Zancen bin sawu kuwa, na gaji da jin sa. Wane sawu? Iska ɗaya ta taso, kafin la'asar ta shafe shi tas. Wajen kilomita 650 ne tsakanin garuruwan nan biyu, kuma mai tafiya a ƙasa cikin zafin watan Mayu yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya. Jarkar da ka saɓa, nauyinta ma gumi yake ƙara maka. Can ka hango kawalwalniya tana sheƙi kamar tafki, ka karkace, shi ke nan.

Masu neman waɗanda suka ɓata, mota suke hangowa daga nesa; mutum a rairayi ɗigo ne. A 2013, arewa da Arlit, motoci suka lalace da matafiya, aka tsinci gawa 92, yawanci mata da yara, a warwatse rukuni-rukuni. Amma har gobe mai shayin da bai taɓa wuce shingen bakin gari ba yana koya wa yara "namiji ba ya zama". Wani ma har tramol yake haɗa musu, wai yana kashe ƙishirwa. Allah ya isa.

Ka zauna gindin motarka. Ku ɗaura tampol, ku kwanta a inuwa, a rage surutu, kada ka tuɓe riga ko rawani. Ruwa a sha shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada a yi ta ɓoyonsa har kai ya juye. Na lagireto kada ka kusance shi, maganin da ake zuba masa yana kashe ƙoda. Gyara sai da asuba ko bayan magariba. Da rana ku sace iskar taya ɗaya, ku ja ta nesa da mota ku cinna mata wuta, baƙin hayaƙinta ana ganinsa daga nesa. Da dare a riƙa kunna fitila jefi-jefi, a lallaɓa batir.